Amsa Kan Neman Tafintan Hausa Daga Ƙaramar Hukuma a Ingila

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kin ce ƙaramar hukumarku ta aiko da takarda cewa za a zo gida a duba irin taimakon da mahaifiyarki take buƙata tun bayan faɗuwar da ta yi, kina tambaya ko za su kawo mata tafintan Hausa kyauta, ko kuwa ke ce za ki tsaya mata tunda kina jin Turanci. Shawarata ita ce ki nemi tafinta tun yanzu, kuma a rubuce, kada ki ɗora wa kanki wannan nauyi.

Wannan dubawa tana ƙarƙashin dokar kula da manya masu buƙata ta shekarar 2014, ba a biyan ko kwabo a kanta, kuma abin da ma'aikaciyar da hukumar za ta turo ta rubuta a ranar shi za a dogara da shi wajen yanke hukunci. Ni na taɓa yi wa gwaggota tafinta a irin wannan zama, kuma har yau abin yana damuna. Da aka tambaye ta yadda jikinta yake, sai ta ce "da sauƙi, alhamdulillahi", kamar yadda kowane dattijo zai amsa ko da yana kwance ba ya iya tashi, ni kuma na faɗa wa ma'aikaciyar cewa ta samu sauƙi. Da aka zo kan wanka da shiga bayan gida, kunya ta hana ta faɗin gaskiya a gabana, ni ma kunyar ta hana ni matsa mata, alhali na san sau da yawa sai an riƙe ta. Rahoton ya fito yana cewa tana iya kula da kanta. Sai da muka nemi a sake zama, aka kawo tafinta mace wadda ba ta san mu ba, sannan gwaggo ta buɗe baki ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Watannin da aka ɓata a tsakani, ita ce ta sha wahalarsu.

Game da doka, ya kamata ki san inda ƙafarki take. Dokar daidaito ta 2010 ba ta ambaci harshe a cikin abubuwa 9 da ta ba kariya ba, amma ta ambaci launin fata da ƙasa da asalin mutum, don haka hukumar da ta bar mutum ya rasa haƙƙinsa saboda ba ya jin Turanci tana iya shiga laifin nuna bambanci. Wannan ba ya nufin dole su fassara kowace takarda. Tun a 2013 ministan ƙananan hukumomi na lokacin, Eric Pickles, ya nemi su rage kashe kuɗi a kan fassara. Amma a zaman da za a yanke wa mutum hukunci a kan kulawa, ko gidan zama, ko 'ya'yansa, ban taɓa ganin an ce iyali su biya tafinta ba. A harkar yara ma abin ya fi tsanani tun bayan rasuwar Victoria Climbié a shekarar 2000, yarinya 'yar Kodebuwa mai jin Faransanci, domin rahoton 2003 na Lord Laming, wanda ya jagoranci binciken rasuwarta, ya ce lallai a yi amfani da tafinta idan za a yi magana da yaron da Turanci ba harshensa na farko ba ne a kan tsaron lafiyarsa.

Ki aika saƙon imel zuwa adireshin da ke jikin takardar, ki sa lambar fayil ɗin, ki rubuta cewa Hajiya tana buƙatar tafintan Hausa kuma kina so a shigar da hakan cikin fayil ɗinta don kada ki riƙa maimaitawa. Ki faɗi Hausar wace ƙasa take ji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tafintan da ya tashi a Nijar yakan sa kalmomin Faransanci a lissafi da sunayen ofisoshi, na Najeriya da na zangon Ghana kuma na Turanci, dattijuwa kuwa ba za ta ce ba ta gane ba, sai dai ta riƙa cewa "to". Ki ce mace kuke so. Ki kuma nemi a kawo ta gida ido da ido, domin hukumomi sun fi son tafinta ta waya, irin ta kamfanin LanguageLine, tunda ta fi sauri da araha, amma tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi ba za ta iya zaman sa'a guda da murya daga waya ba. Tafintocin Hausa ba su da yawa a nan, saboda haka idan aka ce sai an ɗaga ranar, ki yarda a ɗaga.

Ƙarancin nan yana kawo wata matsala: mai yiwuwa tafintar da za a turo kun san ta a masallaci ko wajen suna. Ki nemi sunanta kafin ranar, idan sananniya ce ki ce a canza, babu rashin mutunci a ciki. A ranar ki zauna a matsayin 'ya, ki saurara, idan kin ji an karkatar da magana ki ce a maimaita. Kada ki bari jikokinta su shiga tsakani ko da tafintar ta makara.

Rahoton zai zo da Turanci. Idan Hajiya ba ta karanta boko, fassarar takarda ba za ta amfane ta ba, gara ki nemi tafinta ta karanta mata shi da baki kafin a sa hannu. Takardunku na gida kuwa, kamar shaidar aure da aka rubuta da Larabci ko Faransanci, yawanci ku za ku biya mai fassara, ya sa sunansa da kwanan wata da shaidar cewa fassarar daidai take.

Idan aka hana ku tafinta, ki shigar da ƙorafi a rubuce ta hanyar ƙorafin ƙaramar hukumar, ki ajiye kwafi. In ba a gyara ba, ofishin Ombudsman mai duba ƙorafi kan ƙananan hukumomi yana karɓa kyauta, galibi cikin wata 12 daga lokacin da kika san da matsalar, kuma Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, za su taya ki tsara takardar.