Murjanina ya yi fari fat bayan ruwa ya ɗau zafi: zai farfaɗo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kifi da murjani mai rai a tankin gilashi na ruwan gishiri a gidana a Jidda. Na yi tafiyar kwana huɗu, na'urar sanyaya ruwan ta tsaya, da na dawo zafin ya kai digiri 31. Da yawan murjanin sun yi fari fat. In kwashe in zubar ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah dakata, kada ka zubar tukuna. Fari ba mutuwa ba ne.

Murjani dabba ce, ko da yake a ido kamar dutse yake. A cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, ana kiransu zuzantele. Su ke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. Idan zafi ya yi yawa, ga haske mai ƙarfi, sai su fara fitar da sinadarai masu cutar da shi, shi kuwa ya kore su. Farin da kake gani ƙashinsa ne ta cikin nama mai garai-garai. Wato yana raye, yunwa ce ke cinsa. Haka ya faru da babban murjanin tekun Ostireliya a 2016.

Ka haska tocila da dare ka duba da kyau. In akwai siririn nama a kan ƙashin, ko ƙananan bakunansa na buɗewa, akwai rai. In naman na saɓulewa, ko gansakuka ta fara hawa ƙashin, wannan ɓangaren ya tafi. Yanke reshen da ke da lafiya ka dasa shi daban.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gaggawar gyara. Kada ka zuba ƙanƙara. Sauke zafin sannu a hankali, kamar digiri 1 a rana, har ya zauna tsakanin 25 da 26. Fanka a saman ruwa tana taimakawa, amma ruwan da ya ƙafe ka cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi. Rage hasken fitila sosai, ka ƙara motsin ruwa, saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Sannan ka riƙa ba shi ɗan abinci mai laushi da dare, tunda masu ciyar da shi sun ragu.

Masu rassa, irin su Acropora, su suka fi saurin mutuwa. Masu kauri kamar Porites sun fi juriya. Wanda zai tashi, launin ƙasa-ƙasa yake fara yi cikin makonni, cikakken launi kuwa sai bayan watanni. Kafin nan kada ka ƙara sabon kifi ko murjani a tankin.