Tela Mai Alƙalami: Hukuncin Rubutun da Ya Zama Jaraba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne, ina da shagona, ina da iyali. Tun ina sakandare nake son rubutu, amma sai da na riƙe babbar waya na samu inda zan riƙa zuba shi. Ina rubuta labarin unguwarmu ta da, da abubuwan da nake gani a shago, wani lokaci da 'yar nasiha, in saka a Facebook. Wallahi Malam babu abin da ke sanyaya mini rai kamar in gama rubutu in ga ya tsaru. Wani Bahaushe mazaunin Sudan ya taɓa aiko mini cewa rubutuna ya tuna masa da garin kakanninsa har ya yi hawaye. To amma yanzu abin ya fi ƙarfina. Ƙafata na kan keke, hankalina na kan waya. In na saki rubutu da dare ba na iya runtsawa sai na ga me mutane suka ce, Asuba kuma takan wuce ni. Maiɗakina ta ce na yi mata kishiya. A ƙaramar sallar da ta wuce akwai waɗanda ban gama musu ɗinki ba, ba kuma don aiki ya yi yawa ba. Wani abokina ya ce wannan da shaye-shaye duk ɗaya ne, haramun ne, in goge shafin kawai. Shin haramun ne? Kuma daɗin da nake ji in an yaba mini, riya ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi ita kanta alheri ce. Tun a farkon Ahalari ake koya wa yaro cewa bai halatta ga baligi ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya tambayi malamai. Mutane da yawa suna cikin irin halin da kake ciki, ba su taɓa zaton akwai abin tambaya a ciki ba.

Rubutu magana ce da aka ɗaure a takarda ko a waya, hukuncinsa kuwa hukuncin magana ne: mai kyau halal, mummuna haramun. Asalinsa halal ne. Allah ya rantse da alƙalami da abin da ake rubutawa a farkon Suratul Ƙalam, kuma a ayoyin da aka fara saukarwa ya ambaci cewa shi ne ya koyar da alƙalami. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, yana ganin amfanin wallafa ya fi na karantarwa baki da baki, domin mai karantarwa ɗalibai ƙidayayyu yake samu, mai rubutu kuwa yana kaiwa ga waɗanda ba a ma haifa ba tukuna. A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙin da ta rubuta da Fulatanci da Hausa da Larabci ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajojinta, wato matan da ta horar suna zagawa suna koyarwa. Labarin unguwa da kake rubutawa bai kai wannan daraja ba, amma halal ne, in kuma ya sada wani da tushensa ko ya yaye masa baƙin ciki, to da kyakkyawar niyya kana da lada a kai.

Daɗin da kake ji in rubutu ya tsaru ba laifi ba ne. Irinsa ne kake ji in ka gama aikin wuyan babbar riga ka ɗaga ta ka ga zare bai kauce ba. Musulunci bai zo don ya hana mutum hutun rai ba. Hanzala ya taɓa zuwa wurin Annabi (SAW) yana tsoron ya yi munafunci, saboda in ya bar majalisin Annabi ya koma cikin mata da 'ya'ya da gona yakan manta da yawa. Annabi ya amsa masa da cewa: ya Hanzala, lokaci da lokaci. Muslim ne ya ruwaito.

Maganar abokinka kuma, niyyarsa mai kyau ce, ƙiyasinsa ne bai tsaya ba. An haramta giya saboda tana gusar da hankali, kuma kaɗan ɗinta da mai yawanta duk haramun ne. Rubutu ba ya sa maye, kaɗan ɗinsa kuma halal ne ba tare da saɓani ba, don haka ba za a ɗora masa hukuncinta ba. Amma kada ka yi saurin murna, akwai inda ya taɓo gaskiya. A aya ta 91 cikin Suratul Ma'ida, da Allah yake faɗin abin da Shaiɗan ke nema ta hanyar giya da caca, ya ambaci abu biyu: jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, da kange ku daga ambaton Allah da salla. Ka duba wasiƙarka. Maiɗakinka tana fushi, masu kaya suna fushi, Asuba tana wucewa. Abin ba giya ba ne, sai dai ya fara haifar da abin da giya ke haifarwa.

Akwai ƙa'idar da ta warware wannan. Imam Shaɗibi, malaminmu na Malikiyya daga Andalus, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya bayyana cewa abu yakan zama halal in an dube shi sau ɗaya, amma ya zama abin ƙi in an mayar da shi ɗabi'a ta kullum har ya mamaye rayuwa. Imam Buhari ma ya nuna haka a kan waƙa. Ya kawo hadisin da ke cewa lalle a cikin waƙa akwai hikima, sannan ya kawo wanda ke cewa gara cikin ɗayanku ya cika da ruwan miki da ya cika da waƙa. Yadda ya haɗa su yana cikin sunan da ya ba babin na biyu: abin da ake ƙi shi ne waƙa ta rinjayi mutum har ta tare shi daga zikiri da ilimi da Alƙur'ani. Ba waƙar aka zarga ba, cikar cikin aka zarga. Hassan bin Sabit mawaƙi ne, Annabi kuma ya ƙarfafa shi. Ka cire kalmar waƙa ka sa rubutunka, ka sami hukuncinka.

Saboda haka rubutunka yana nan a halal muddin bai ci haƙƙin kowa ba. Idan ya cinye lokacinka har ya hana ka abin da ya fi, kamar karatun Alƙur'ani da zama da yara, ya zama makaruhi. Idan kuwa ya kai ga tauye wajibi, to wannan gwargwadon da ya jawo tauyewar haramun ne, kuma bisa abin da ka faɗa da bakinka ka taka wannan iyaka a wurare uku.

Na farko salla. Gaskiya ne Annabi ya ce babu sakaci a cikin barci, kuma wasu malaman mazhabarmu sun sauƙaƙa ga wanda ya kwanta kafin lokaci ya shiga. Amma wannan sauƙi an yi shi ne don wanda barci ya rinjaya, ba ya dace da mumini ya mayar da shi mafaka yana raba dare a kan waya kullum, ya kuma san abin da zai biyo baya. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi yana ƙin barci kafin Isha da hira bayanta, malamai kuma sun ce daga dalilan haka akwai tsoron a makara Asuba. An togace hirar ilimi da ta baƙo da ta iyali. Jiran a ga wa ya danna alamar so ba ya cikinsu. Duk Asubar da ta kuɓuce maka ba ka rama ba, ka rama ta, ka tuba.

Na biyu kayan mutane, kuma wannan ya fi tsorata ni, domin haƙƙin bayi ne, istigfari kaɗai ba ya goge shi. Wanda ya kawo maka yadi ka ce masa ya zo ranar jajibere, kun ƙulla ijara, wato yarjejeniyar aiki da biya, lokacin nan nasa ne, ba naka ba. Ka tuna yaron da aka ce masa kayansa na wurin tela, ya wayi gari ranar idi ya ga 'yan'uwansa sun fito fes, shi kuma an zaro masa na bara. Uban yana tsaye ƙofar shagonka da dare, kai kuwa kana cewa saura maɓalli, alhali ko yanka ba ka yi ba. An riga an yi wa teloli tambarin saɓa alkawari, kuma saɓa alkawari yana cikin alamomi uku na munafuki da Annabi ya lissafa. Ka nemi waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya ka ba su haƙuri ba tare da ƙaryar wuta ko ta yaran shago ba. Wanda ka karɓi kuɗinsa ba ka yi aikin ba, ka ba shi zaɓi, ko kuɗinsa ko ɗinkinsa.

Na uku maiɗakinka. Da mace ta ce an yi mata kishiya da waya, wasa ne a baki, kuka ne a zuci. Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Annabi ya ce Salman ya yi gaskiya. Abin da ya ɗauke Abu Darda daga matarsa azumi ne da tsayuwar dare, duk da haka aka tsawatar masa. To ina ga Facebook?

Sai tambayarka ta biyu. An tambayi Annabi game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri. Don haka farin cikin da ka yi da saƙon mutumin Sudan ba riya ba ce. Riya tana shiga ne a aikin da ake neman lada da shi. Labarin unguwa abin duniya ne, son a yaba shi rauni ne na ɗan'adam, ba shirka ba. Nasihar da kake sakawa ita ce wurin haɗari, domin ibada ce. Cikin mutum uku na farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai wanda ya nemi ilimi ya karantar don a ce masa malami, sai a ce masa ai an faɗa, a ja shi zuwa wuta. Ka gwada kanka da abu biyu. In ka saki nasiha mutum biyar kaɗai suka kula, kana jin kamar ka yi asara? Kuma ka taɓa sauya abin da ka san shi ne daidai don ka ga wani salon ya fi kawo jama'a? In amsar e ce, ka gyara niyya, amma kada ka bar nasihar saboda tsoron riya, wannan ma wata ƙofa ce ta Shaiɗan.

Ina so ka lura da wani abu da kai kanka ba ka raba ba. A wasiƙarka ba ka ce rubutu ne ke hana ka barci ba, ka ce jiran abin da za a ce ne. Waɗannan abu biyu ne daban. Rubutu yana da ƙarshe, in ka sa aya ka gama. Leƙe ba shi da ƙarshe, kuma ba rauninka kaɗai ba ne, haka aka gina abin. Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye mafi yawan lokaci da hankalin mutum, ta hanyar ba shi ɗan daɗi jefi-jefi duk sanda wani ya so abin da ya saka ko ya yi magana a kai. Ba ka san yaushe yabon zai zo ba, ba ka san nawa ne ba, shi ya sa hannu ke komawa aljihu. Wanda ya san an ɗana masa tarko ya fi wanda bai sani ba alhakin kaucewa.

Ban ce ka goge shafinka ba, kuma ba wajibi ba ne a kanka a yanzu. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm, a kawo masa marar ado, domin wannan ya shagaltar da shi a sallarsa. Bai haramta mayafin ba, ya dai nisantar da shi daga inda yake ɓarna. Kai ma haka za ka yi. Kada waya ta hau kan keke, ka sa ta a aljihun tebur ka kashe ƙarar sanarwa, ka bar ta kira kawai saboda masu kaya. Ka daina sakin rubutu bayan Isha, ka sake shi da hantsi ko bayan La'asar, yadda ƙurarsa za ta lafa kafin dare. In dabara ta faɗo maka kana aiki, ka rubuta ta a bayan littafin awo, ba za ta gudu ba. Daga tsakiyar azumi zuwa salla, da kwanakin gab da layya, ka rufe rubutu gaba ɗaya, ka sanar da masu karanta ka, za su jira. Ka kuma ba maiɗakinka izinin ta karɓi wayar da dare ta ajiye, kada ka ɗauki wannan a matsayin raini.

Tun da abin da kake gani a shago kake rubutawa, ka kiyaye sirrin masu zuwa. In za a gane mutum daga siffar da ka ba shi, ɓoye sunansa bai fitar da kai daga giba ba. Abin da ke tsakaninka da iyalinka kuma ba kayan rubutu ba ne ko kaɗan.

Ka gwada wannan tsari da gaske na wata guda ko biyu. Idan salla ta dawo kan lokacinta, ɗinki yana fita ranar alkawari, gida ya yi sanyi, ka ci gaba da rubutunka, Allah ya sa albarka. Idan ka gwada ka kasa, ka ga kana komawa gidan jiya, to a lokacin barin shafin ya wajaba a kanka har ka warke, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ko a wannan hali ba a hana ka alƙalami da takarda ba.

Wallahu a'alam.