FATAWA: Yaro ɗan shekara 15 da aka kama a zanga-zanga, hukuncin manya ne ya hau kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gardama ce ta kaure a majalisarmu kan yaran nan da aka kai kotu Abuja bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, wani abokinmu ya dage wai tunda sun kai 15 ai sun balaga don haka daidai ne a musu hukuncin manya, wai maganar shekara 18 ta Turawa ce babu ita a addini. Malam meye gaskiyar magana?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan'uwa abokin naka ya kama gefe ɗaya na gaskiya amma inda yace 18 babu ita a addini, nan kam ya yi sauri.

Asali dai hadisin Abu Dawud da wasunsa ne cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Don haka babu haddi babu ƙisasi akan yaro, ladabtarwa ce kawai, in kuma ya yi ɓarna a dukiyar wani a biya daga dukiyarsa. Balaga kuwa alamomi ne, mafarki, haila, tsirowar gashin mara, in ba a ga ko ɗaya ba sai a koma shekaru kuma anan malamai suka saɓa. Shafi'iyya da Hanabila suka ce 15, hujjarsu Abdullahi ɗan Umar da Annabi (SAW) ya mayar da shi gida ranar Uhudu yana 14 ya karɓe shi ranar Handaƙ yana 15. Amma mu mazhabarmu ta Malikiyya mashhurin zance 18 ne, yana nan a littafin fiƙihu na Mukhtasar Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, haka ma Abu Hanifa ya faɗa game da namiji. Kaga kenan lambar ba daga Ingila tazo mana ba.

Toh a ce ma yaron ya balaga ɗin, alama ta bayyana, eh ya zama mukallafi sallah da azumi sun hau kansa kuma Allah zai tambaye shi. Amma fita zanga-zanga ko ɗaga tutar Rasha da wasu suka yi a zanga-zangar ba laifin haddi bane da nassi ya yanke masa hukunci, iyakarsa babin ta'aziri, shi kuwa ta'aziri shari'a ta bar wa hukuma ta tsara shi gwargwadon maslaha, tana da damar tace duk wanda bai kai 18 ba kotunsa daban wurin ajiyarsa daban, gyara za a nema ba ramuwa ba, kuma wannan bai ci karo da aya ko hadisi ba. Abinda dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanada kenan kuma a Abuja tana aiki kai tsaye, tace tsare yaro shine zaɓi na ƙarshe kuma na ɗan taƙaitaccen lokaci.

Yanzu duba abinda ya faru. An kwaso su daga su Kano da Kaduna, suka yi kusan wata uku a tsare, ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka shigo da su Babbar Kotun Tarayya tare da manya ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa ke iya kaiwa kisa, wasu suka zube a ƙasa duk sun rame, sannan aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Yaron da tsadar masara ta fito da shi titi ina ubansa zai ga miliyan 10? Wallahi ko kafirin da aka kamo a fagen yaƙi Alƙur'ani ya yabi masu ciyar da shi a Suratul Insan, kuma mace ta shiga wuta akan kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba, balle ɗan mutum. Wannan zalunci ne, ko ya balaga ko bai balaga ba.

Abinda ya fi tsaya min a rai shine ba dokar ce ta fito da su ba, bidiyo ne ya zaga duniya aka yi caa sai shugaba Tinubu ya bada umarni ranar 4 ga wata, kashegari aka soke ƙarar mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Alhamdulillah da suka fito, amma na gidajen yarin da kyamara bata shiga fa? Mu ma malamai da namu laifin, jayayya kan shekarun aure ta sa dokar ta daɗe bata shigo jihohinmu ba, Kano sai 2023 aka sa wa tata hannu, shekara 20 kenan, alhali da an zauna tun farko a gyara sassan da ake da ja akansu a karɓi sauran.

Don haka ka gaya wa abokinka, yaron da ya yi wawaso ko ya fasa shago a tursasa a mayar da kayan mutane ko a biya, a ladabtar da shi a hannun iyayensa ko gidan gyaran tarbiyya, amma cusa shi cikin manyan masu laifi da hora shi da yunwa haramun ne. Wanda kuma aka kama masa ɗa ya ruga da takardar haihuwa ko ta makaranta ya nemi lauya, akwai na gwamnati masu yi kyauta ga marasa hali, don tun a caji ofis ake ƙara wa yaro shekaru a takarda. Wallahu a'alam.