Wa ke cinye gansakukar da ke rufe teku?

Tambaya: Salam Malam, daga Samaru nake. Na ga hoton teku da tauraron ɗan adam ya ɗauko, wani ɓangare ya koma kore shar, aka ce gansakuka ce ta yi yawa. Shin akwai abin da ke cinta ko haka take ruɓewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai masu cinta sosai, sai dai sau da yawa a makare suke zuwa, shi ya sa ma har kake ganin koren.

Ita wannan gansakukar ba irin mai yauƙin nan ba ce da kake gani a bakin dam ɗin Kubanni, ƴan mitsi-mitsin tsirrai ne masu ƙwayar halitta ɗaya da ke yawo a saman ruwa, ido ba ya ganin guda. In suka samu rana da taki, wato sinadaran da ruwan ƙasan teku ke turowa sama kamar yadda ake samu a gaɓar Muritaniya da Namibiya da Peru, to a kwana ɗaya kowace na iya rabuwa biyu. Har ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana kai musu sinadarin ƙarfe cikin Atlantika, eh wannan dai hazon da ke toshe mana hanci.

Masu cin su kuwa ƙananan dabbobi ne. Akwai kofifod, tsawonsa milimita 1 zuwa 2, kaɗa ƴan ƙafafunsa yake ya jawo ruwa wajen bakinsa ya cafke abin da ya zo, kuma fa yana da zaɓe, mai guba yakan ƙyale ta. Akwai kiril na tekun Antatika mai kama da jatan lande da ke kai santimita 6. Amma mafi yawan cin, wasu ne masu ƙwayar halitta ɗaya da suka fi waɗannan ƙanƙanta.

To ga inda makarar take. Shi kofifod sai ya yi makonni kafin ya girma ya yi ƙwai, ita kuma gansakuka kullum ninkawa take, kamar ciyawar farkon damina ce da ta fi ƙarfin awakin gari, kafin su hayayyafa ta riga ta rufe ko'ina. Daga baya taki ya ƙare, masu ci sun yi yawa, sai koren ya dushe.

Da yawansu da dare suke hawowa kiwo, gari na wayewa su nutse don gudun kifi. Kashinsu da sauran gansakukar da ta mutu su gangara ƙasan teku, su kuma sadin da titus ɗin da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari su yi ƙiba da cin waɗannan ƙananan dabbobin.