Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan harajin kayan hannu

Assalamu alaikum. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: 'yar'uwarmu ta ce ta fara ne da sayar da gadonta da firjinta da ta daina amfani da su, ta hanyar sitatus ɗin WhatsApp. Daga baya mata suka fara kawo mata nasu tana sayar musu, yanzu har takan saya ta ajiye sai ta samu mai so. Wani ya gaya mata cewa sabuwar doka za ta riƙa cire kashi 7.5 cikin ɗari daga duk alat ɗin da ya shigo mata, shi ne take tambaya ko ta daina karɓar turansfa.

Hajiya, kada ki daina. Ni wayoyi da kwamfutocin hannu nake sayarwa a wajajen PZ a nan Zariya shekara da shekaru, kuma yanzu rabin cinikina ta Facebook da shafin saye da sayarwa na Jiji yake zuwa, don haka maganar nan ta shafe ni kai tsaye. Wanda ya ba ki labarin ya haɗa abubuwa uku ne ya dama su wuri ɗaya: VAT, da naira 50 ta turansfa, da harajin kuɗin shiga.

Wancan kashi 7.5 da ya ambata shi ne VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, mai saye ya biya, mai sayarwa ya karɓa ya kai wa gwamnatin tarayya. An fara shi a Najeriya a watan Janairun 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba su ƙara shi ba. Sun dai sauya wa hukumar tara haraji ta tarayya suna daga FIRS zuwa NRS. Kuma banki ba ya cire VAT daga kuɗin da aka turo wa mutum. Abin da muka saba gani shi ne naira 50 ɗin nan ta turansfar da ta kai naira dubu 10, wannan kuwa ya daɗe, ba shi da alaƙa da ko kaya kika sayar ko ɗan'uwanki ne ya aiko miki da kuɗin cefane.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kayan hannu babu haraji a kansu tunda an riga an biya lokacin da suke sababbi. Wasu kuma suna ganin intanet ce ke jawo harajin, wai da a zaure aka yi cinikin shi ke nan. Duka biyun ba haka ba ne. Doka ba ta duba tsufan kaya, ba ta kuma duba ko a shago aka sayar ko a waya. Tana duba mai sayarwar ne: sana'a yake yi ko kuwa kayansa ya rabu da su, in kuma sana'a ce, nawa yake juyawa a shekara.

Ki duba Samaru a ƙarshen zangon karatu. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ya gama, ya fito da katifarsa da fankarsa da 'yar tukunyar gas, ya ɗauki hoto ya saka a guruf ɗin ajinsu, ya sayar ya samu kuɗin mota zuwa gida. Wannan ba ɗan kasuwa ba ne. Ya sayi fankar da tsada, ya sayar da araha, riba ma babu balle a yi maganar haraji. Gadonki da firjinki a nan suka faɗa. Amma mutumin da ke zuwa da a-kori-kura yana bin ɗakunan ɗaliban yana kwashe katifun, ya wanke, ya jira sababbin ɗalibai su zo ya sayar musu, shi kam sana'a yake yi, ko da ba shi da shago, ko da bai taɓa yin rajista ba. Ranar da kika fara saye don ki sayar, kin shiga layinsa.

Shiga layin ba ya nufin VAT ya hau kanki. Tun dokar kuɗi ta 2019 aka ce wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, ba a ɗora masa karɓar VAT ba. Sabuwar dokar ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 100 ga ƙananan 'yan kasuwa. Sai dai a lura, ciniki ake ƙirgawa ba riba ba, wato duk kuɗin kayan da suka fita daga hannunki a shekara. Mai sayar da motocin tokumbo zai iya tsallake iyakar da motoci kaɗan. Mai gadaje da kuloli da labulaye a sitatus, da sauranta sosai.

Na yi murna da wannan ɗagin ƙwarai, kuma ga dalilina. VAT yana yi wa mai kayan hannu nauyin da ba ya yi wa mai sabon kaya. Mai sabon kaya ya sayo daga kamfani da takardar da ta nuna VAT ɗin da ya biya, in ya zo kai nasa sai ya cire wancan, ya ba da abin da ya rage. Ni kuwa a hannun ɗalibi ko ma'aikaci nake saye, babu wata takardar VAT da zai ba ni. A ce na sayi waya dubu 80, na sauya mata gilashi a dubu 10, na sayar dubu 105. Ribata dubu 15. Kashi 7.5 na dubu 105 ya kama naira 7,875. Ko dai in ɗora wa mai saye ya tsallaka shagon maƙwabcina, ko in cire a jikina fiye da rabin ribar ya tafi. A Ingila suna da tsarin da mai kayan hannu ke biyan VAT a kan bambancin da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa kawai. A nan kan kuɗin sayarwar gaba ɗaya ake lissafi. A ganina wannan gyara ne da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su riƙa nema da babbar murya, musamman masu motoci da manyan dilolin waya.

Harajin da zai iya shafarki shi ne na kuɗin shiga, kuma na jiha ne. Mu a Zariya hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna, wato KADIRS, ce ke da shi. A kan abin da ya rage miki bayan kin fitar da uwar kuɗi da ɗawainiya ake lissafa shi, kuma a sabuwar doka naira dubu 800 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu. Sai abin da ya haura.

A nan ne nake so ki ba ni hankalinki, don kin ce mata suna kawo miki kayansu ki sayar musu. Wannan dillanci ne, irin wanda iyayenmu mata suka daɗe suna yi gida-gida a cikin birni da Tudun Wada, da ƙullin atamfofi da kwanuka a ka. Abin dillaliya la'ada ce. In kika sayar wa wata saitin kujeru dubu 400 ta ba ki dubu 20, dubu 20 ɗin ce taki. Amma asusunki zai nuna dubu 400 ta shigo. Kuɗin mutane suna bi ta cikinsa kamar ruwan sama a indararo, wanda ya kalli takardar banki kawai zai ɗauka duk a randarki suka zuba. Abin da zai raba gardama shi ne rubutu.

Ki sayi littafi mai kauri. Kowane kaya ki rubuta ranar da ya zo, na wace ce, saye kika yi ko ajiya aka ba ki, nawa aka sayar, nawa kika tura wa mai shi, nawa kika biya ɗan sahu ko mai kura. Ki buɗe asusu dabam na sana'a, ko Moniepoint ne ko OPay ko bankin da kika saba, kada kuɗin adashi da na makarantar yara su cakuɗe da na ciniki. In za ki tura wa mai kaya kuɗinta, ki rubuta sunan kayan a wurin bayanin turansfar.

Littafin nan yana da wani amfanin da ya fi na haraji kusa da mu. A teburina, duk wanda ya kawo waya sai na danna *#06# lambar shaidar wayar, wato IMEI, ta fito, na kwafe ta, na ɗauki hoton katin shaidarsa, ya sa hannu a gefen kuɗin da ya karɓa. Wasu sukan ɓata rai, wani ma ya ɗauki wayarsa ya fita, ni kuwa ban taɓa kiran irin wannan ya dawo ba. Na ga abokan sana'a da suka kwana a ofishin 'yan sanda saboda wayar sata da suka saya ba su sani ba, kuma ba su da ko layi ɗaya da zai nuna daga hannun wa ta fito. Ke ma in matar aure ta kawo miki firji ko talabijin, ki tabbatar nata ne na ɗaki ba na maigida ba, kafin ki saka hoto.

Abu biyu da ke ci mini rai. Na farko masu rubuta VAT a rasit su karɓa a hannun mai saye, alhali ba su da rajistarsa kuma ba su kai wa kowa. Wannan cin dukiyar mutane ne da sunan hukuma, kada ki yarda wani ya koya miki shi a matsayin dabara. Na biyu masu zagayawa shaguna da kati a wuya suna neman a ba su kuɗin haraji a hannu. Tun 2016 dokar harajin Jihar Kaduna ta hana karɓar tsabar kuɗi, ta banki ake biya a ba ka rasit. Wanda ya matsa sai tsaba, ki ce ya ba ki takardar biya ki je banki da kanki.

Akwai VAT ɗin da kike biya ba tare da kin lura ba: in kina biyan Facebook ko Instagram kuɗin tallata kaya, tun 2022 suke ƙara kashi 7.5 a kai. Shi ma ki rubuta shi cikin ɗawainiya. Masu sayar da tsofaffin littattafan karatu a Kongo da Samaru kuma, littattafai suna cikin kayan da mai saye ba ya biyan VAT a kansu, sababbi ne ko tsofaffi.

In sana'ar ta kankama har kin fara tunanin kama shago, ki yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan ki ɗauki littafinki da takardar banki ki je ofishin KADIRS da ƙafarki a yi miki ƙiyasi a kan abin da ke rubuce. In kin samu wani akanta ya duba miki lissafin kafin ki je, ya fi. Allah Ya sa albarka a nema.