Hoton da ya tayar wa Yaya hankali

Yaya, na ga tambayarka a kan hoton yara a gindin ƙatuwar ƙofar katakon nan, wai ko mun fara shiga gidan tsafi. Kwantar da hankalinka.

Sunan wurin Meiji Jingu, wurin bauta ne na addinin gargajiyar Japan, a tsakiyar Tokyo. An gina shi a 1920 don Sarki Meiji da matarsa Shoken, bama-baman yaƙi suka cinye shi a 1945, aka sake tayar da shi a 1958. Mu dai inuwa ce ke kai mu. Itatuwa wajen 100,000 aka tattaro daga sassan ƙasar aka dasa, da ka shiga sai hayaniyar gari ta ɗauke ɗif.

Ƙofar ita suke kira torii. Daga nan ba a bin tsakiyar hanya, sun ce ta abin bautarsu ce, kami. Sai mu raɓa gefe, tunda baƙi ne mu kuma bai rage mu da komai ba. Kafin a isa ɗakin bautar akwai wurin ruwa: a wanke hagu, a wanke dama, a kurkure baki. Ka ji, da hagu suke farawa! Ranar farko autana ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, yana shirin shafar kai, sai da na riƙo shi.

Iyakarmu ke nan. Masu bautar ne za su matsa gaba su jefa kwabo a akwati, galibi yen 5, su sunkuya sau biyu, su tafa sau biyu, su ƙara sunkuyawa. Mu muna baya, hannu a aljihu. Tsawon zamana a nan ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Mu mutanen gida ba mu da yawa a ƙasar, 'yan karatu ne da masu harkar motoci, amma ko a tsakaninmu baki bai zo ɗaya ba. Akwai wanda ko ƙofar ba ya kusanta, ban ga laifinsa ba. Masu auren 'yan ƙasa su ne a tsaka mai wuya, musamman a Nuwamba, lokacin da surukai ke son a sa wa ɗan shekara 3, 5 ko 7 kimono, kayan gargajiyarsu, a kai shi wurin bautar a yi masa addu'a. Yawanci a kan sasanta: a sa kayan, a ɗauki hoto a farfajiya, a bar addu'ar.

Hoton da ka gani ma ranar Juma'a ne. Daga nan jirgin ƙasa muka hau, tasha biyu, muka sauka Yoyogi-Uehara, muka samu huɗuba a masallacin Turkawa. A gaida su Inna.