Amsar Gwaggo kan fita da jariri allura kafin arba'in

Wa alaikumus salam 'yata. Naga saƙonki tun daren jiya, ban amsa bane don maganar ba ta layi biyu bace. Ya jego, ya ɗan baƙon namu? Allah ya raya mana shi.

Kince Hajiyarku tace jariri baya fita sai anyi arba'in, ke kuma gabanki na faɗuwa don kinji ance allurar rigakafi na sa zazzaɓi, shine kike tambaya wai a al'ada ya abin yake. Toh zaman arba'in gaskiya ne, mun yi shi, iyayenmu sun yi, kuma bana raina shi ko kaɗan. An yi shi ne don mai jego ta huta jikinta ya koma, kar kuma a ɗauki ɗanyen jariri ana yawon biki da shi wannan ta karɓa wancan ta sumbata ga mai tari ga mai mura. Amma ban taɓa jin inda ya hana neman lafiya ba, ko a da in jariri ya ƙi kama nono ba wanda ke tsayawa ƙirga kwana. Ki dubi damtsen Hajiya in kin samu dama, ina kyautata zaton zaki ga tabon lamba irin nawa. Lambar agana ce, mu mun ga masu zanzana a fuska da waɗanda ta makantar, ku ko ganinta baku yi ba, don tun 1980 aka sanar an gama da ita a duniya kuma da wannan lambar aka gama da ita.

Abin da yasa bana so ki jira, wasu alluran na farko lokacinsu baya jira. Ta ciwon hanta an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ɗigon shan inna na farko cikin sati biyu, sai BCG ta tarin fuka a damtse. Yau kwanansa tara kince, kinga da sauran dama amma ba yawa. Daga nan sai sati 6, kwana 42 kenan, kin riga kin yi arba'in ba mai cewa komai, sai sati 10 da sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9 a ƙara a wata 15. Fita ɗaya tak ake magana a kai.

Zazzaɓin kuma bazan ɓoye miki ba, yana zuwa, musamman ta cinya ɗin nan ta sati 6 mai haɗe da maganin mashaƙo da tarin shiƙa. Wajen zai ɗan kumbura yayi tauri, zai yi rigima kwana ɗaya ko biyu, ki yawaita bashi nono ki rage masa kaya, magani kuma sai wanda nas ta faɗa da yadda ta faɗa. Ta damtsen bayan 'yan makonni zata yi ƙurji ta fashe ta bar tabo, kar ki matse kar ki shafa komai dan Allah, haka take. In kinga jijjiga ko ya ƙi nono sam ko kuka ya ƙi tsayawa awa da awanni, wannan ki koma asibiti a take.

Wannan zazzaɓin shi ya tsorata ni a kan 'yar farina, wadda baki sani ba. An mata ta cinya ta kwana tana tsanyara, ina zaune da fitila ina taɓa goshinta ina kuka nima, da gari ya waye na cusa katin ƙarƙashin akwati nace ni da allura har abada, ba wanda ya hana ni, ni na hana kaina. Tana da wata 14 ƙyanda ta shigo, ta fara da mura da jan ido, sai ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka sauko, idon ya liƙe sai na sa ruwan ɗumi nake buɗe mata, ƙurajen na bushewa muna murna ashe ta sauka a ƙirji, numfashi sama sama, kwana huɗu a asibiti Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana ne ya ƙare, na yarda da ƙaddara, amma wallahi ranar da na ɗaga akwatin na ga katin nan da gurbin wata 9 ba komai a rubuce, abin da naji har yau bai bar ni ba. Ƙannenta duk ba wanda ya tsallake ko ɗaya.

Hajiya kuma kar ki ja da ita, jikanta take karewa. Ki bar maigidanki ya mata magana a natse, ke kuma ki roƙe ta ta raka ki ita ta riƙe shi, ku fita da sassafe a lulluɓe shi da kyau ku dawo kafin rana tayi. In ta ƙi ki bani lambarta ni zan kira ta, mu tsofaffi mun fi jin maganar juna. In kun dawo ki ɗauko min hoton katin ki turo in gani.